Wata 4 yana sayen maganin wankin ciki a shagonmu, yanzu ya fara ramewa

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wani matashi da ke koyon sana'a a wani kemis a cikin birnin Kano. Ga abin da ya rubuto, a taƙaice:

"Assalamu alaikum Baba. Shekarata ɗaya da rabi ina tsaron kemis ɗin maigidana. Kusan kullum sai an zo neman maganin taurin bayan gida, wasu su ce basir ke damun su, wasu su ce wankin ciki suke so. Abin da na tarar ana yi shi nake yi, in miƙa Dulcolax ko garin gishirin nan da ake jiƙawa, in karɓi kuɗi. To akwai wani dattijo maƙwabcinmu, zai haura shekara 60, wata 4 ke nan duk mako sai ya zo. Da ƙwaya ɗaya yake sha, yanzu sai uku. Na lura ya rame, rigunansa sun yi masa yawa. Shekaranjiya kuma ya ce min yana ganin jini, in haɗa masa da maganin basir. Da na yi wa maigidana maganar sai ya ce ba asibiti muka buɗe ba, in ba mutum abin da ya nema. Na kasa barci. Shin ni na cuce shi? Kuma yaya zan riƙa yi da masu zuwa da wannan matsala, tunda yawancinsu kunyar faɗin ta ma suke ji?"

Wa'alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka. Idon da ya lura riga ta yi wa mutum yawa shi ne idon da ake nema a bayan kanta, kuma ba kowa ke da shi ba.

Zan fara da dattijon, don maganarsa ba ta jira. Kada ka ƙara sayar masa da wannan maganin, kada kuma ka haɗa masa na basir. Mutumin da ya haura 60, wanda bayan gidansa ya sauya na tsawon watanni, ga rama ga jini, wurinsa asibiti ne, kuma a cikin makon nan. Ban ce na san abin da ke damun sa ba. Yana iya zama basir ne na gaske, ko 'yar tsagewa a bakin dubura saboda yawan yunƙuri, kuma waɗannan su suka fi yawa. Amma basir ba ya ramar da mutum. Idan abubuwan nan uku suka haɗu a jikin mai shekaru, abin da likita zai fara son ya tabbatar babu shi shi ne ƙari a babban hanji, wato sankara. Ana gano ta ta hanyar dubawa da yatsa, da awon jini, da kuma zura wani siririn bututu mai kyamara a leƙa cikin hanjin, wanda ake yi a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kusa da ku. Sankarar hanji na cikin waɗanda ake warkewa daga gare su idan an tare su da wuri. Abin da ke cinye mutanenmu shi ne watannin da suke shafewa tsakanin kemis da mai maganin basir na tasha, har sai abu ya yi nisa.

Ka tambaye ni ko kai ka cuce shi. Ƙwayar da ka sayar masa ba ta haifar da ƙari. Abin da ta yi shi ne ta riƙa ba shi sauƙin kwana biyu, sauƙin ya sa ya ga kamar babu buƙatar zuwa asibiti. Ba zan ce maka wannan ba komai ba ne. Amma ka yi ne bisa abin da aka koya maka, kuma ranar da ka ga alama ba ka kau da kai ba. Ni kaina, a farkon shigata wannan aiki, wani magidanci ya zo min da dare ciki a kumbure, ya ce kwana uku bai kewaya ba. Na ba shi maganin wankin ciki ban tambaye shi komai ba. Da na tambaya da na ji cewa yana amai, kuma ko iska ba ta fita. Hanjinsa ne ya murɗe. Kafin asuba aka kwashe shi zuwa asibiti, aka yi masa aiki, Allah ya yi da sauran kwana. Tun daga ranar ban sake miƙa irin wannan magani ba sai na yi tambaya, ko da layi ya kai bakin titi.

To me ake tambaya? Farko ka gane abin da mutum yake nufi, domin kalmar "basir" a bakin Bahaushe buhu ce, komai zubawa ake yi a ciki: taurin bayan gida, kumburin ciki, ciwon baya, kasala, har da raunin mazakuta. Ka ce masa, "Yaushe rabonka da kewayawa? Kuma da can yaya ka saba?" Tambaya ta biyun ta fi ta farkon muhimmanci. Mutane da yawa sun ɗauka duk wanda bai fita kullum ba ba shi da lafiya, alhali a wajen likitoci daga sau uku a rana har zuwa sau uku a mako duk daidai ne, matuƙar yana fita da laushi ba tare da wahala ba. Wanda ya saba kwana bibbiyu tun yana yaro, kuma ba ya shan wuya, ba ya buƙatar ko ƙwaya ɗaya. Mai matsala shi ne wanda abin ya ragu daga yadda ya saba, ko yake fitowa a bushe guntu-guntu kamar na awaki, ko sai ya yi ta nishi, ko ya tashi yana jin bai gama ba.

Daga nan sai ka nemi alamomin da ke rufe maganar ciniki. Jini, ko bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo ga wanda ba ya shan maganin ƙarin jini. Rama ba dalili. Taurin da ke musanye da gudawa, yau wannan gobe wancan. Sauyin da ya wuce mako biyu zuwa uku ga wanda ya haura 40. Sai kuma na gaggawa, waɗanda ba a kwana da su: ciwon ciki mai tsanani, amai, kumburin ciki tare da rashin fitar iska, ko gwaiwa da ta sauko ta ƙi komawa tana zugi. Ka ƙara da zazzaɓi, domin a ƙasarmu taifot kan zo wa manya da ɗaurewar ciki, kuma cuta ce da ke cin bangon hanji har ta huda shi. Ka ga ke nan tura maganin da ke murɗa hanji a irin wannan ciki ganganci ne. Duk wanda ka ji ɗaya daga cikin waɗannan a bakinsa, ka ce masa ya wuce asibiti, ka kuma faɗa masa dalili, don kada ya fita daga wurinka ya shiga shagon gaba.

Tambayar da yaran kemis suka fi mantawa da ita ita ce, "Wane magani kake sha yanzu?" Sau da yawa abin da ya ɗaure cikin daga kan kantarka ya fito. Maganin ƙarin jini da ake ba masu ciki a wajen awo yana sa tauri, yana kuma baƙanta bayan gida. Magungunan olsa masu sinadarin alminiyam ko kalsiyam haka. Wasu daga cikin na hawan jini, da Buscopan na murɗar ciki, da Piriton na mura da ƙaiƙayi, da maganin tsayar da gudawa idan an zarce da shi, duk suna rage tafiyar hanji. Gaba da su duka akwai tiramol da kodin. Tun a watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin, amma ni da kai mun san bai ɓace daga unguwanni ba. Idan saurayi ɗan shekara 20 yana yawan zuwa neman maganin wankin ciki, ka sa wannan a ranka, ka yi masa magana a keɓe ba tare da tozartawa ba. Wanda kuma likita ne ya ɗora shi a kan magani, musamman na hawan jini, kada ka ce ya daina. Ka ce ya koma ya faɗa wa likitan, akwai wanda za a sauya masa.

Idan ka tace duk waɗannan, mafi yawan waɗanda suka rage matsalarsu a kwano take da buta. Babban hanji, wanda tsawonsa ya kai kusan mita ɗaya da rabi, aikinsa tsotse ruwa daga abin da ya rage na abinci. Gwargwadon daɗewar abu a cikinsa, gwargwadon bushewarsa. Abin da ke riƙe ruwan ya sa bayan gida ya yi laushi da auki shi ne harzar abinci, wato ɓangaren ganye da hatsi da 'ya'yan itace da ciki ba ya narkarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar aƙalla giram 25 nata a rana, da giram 400 na ganye da 'ya'yan itace. Kada ka karanta wa mai saye waɗannan alƙaluma. Ka tambaye shi abin da ya ci jiya. Za ka ji shayi da burodi da safe, shinkafa da mai da yaji da rana, indomi da ƙwai da dare, a kora da lemon kwalba. Babu abin da zai tura wani abu a wannan jerin.

Abin da ke ba ni takaici shi ne maganin yana cikin abincin da muka gada muka raina. Tuwon dawa ko na gero da ba a surfe shi ya koma fari fat ba, miyar kuka, miyar kuɓewa, kwaɗon zogale da na rama, dambu mai ganye, wake ko da a cikin shinkafa ne, fate mai alayyafo. Gwanda, mangwaro a lokacinsa, lemon zaƙi a ci da totuwarsa maimakon a tsotse a yar, goba, dabino. Jiƙon tsamiya ma yana sassauta ciki a hankali. Ka dai gargaɗe shi ya ƙara su sannu a hankali cikin mako biyu, don wanda ya auka wa wake da ganye rana ɗaya zai sha kumburi da iska, ya dawo ya ce shawararka ba ta yi ba. Kuma duk wannan ba ya aiki sai da ruwa. A zafin bazara na Kano, ko a watan azumi, mutum na iya zubar da ruwa mai yawa ta gumi bai sani ba. Ma'auni mai sauƙi da za ka ba shi shi ne launin fitsarinsa: idan ya yi ja kamar shayi, ruwan bai isa ba. Mai azumi ya rarraba shansa tsakanin buɗa-baki da sahur. Mai ciwon ƙoda ko na zuciya da likita ya ƙayyade wa ruwa, shi kam ya tsaya a kan abin da aka ce masa.

Akwai kuma matsewa. Direban da ke kan hanyar Legas, ɗan adaidaita sahu, tela da ke wuni a kan keke, ɗalibar makarantar kwana da ke ƙyamar banɗakin makaranta, amaryar da ke jin nauyin a ga ta ɗauki buta a gidan surukai. Duk wanda ya saba danne buƙata idan ta zo, a hankali jiki kan daina sanar da shi. Hanji ya fi motsi bayan an ci abinci, musamman karin kumallo, don haka ka ce ya ware minti goma a wannan lokaci kullum, ba gaggawa ba kuma dogon yunƙuri. Tsugunon da muka saba a masai ya fi zaman kujerar banɗakin zamani sauƙaƙa fita. Mai amfani da na zama ya sa 'yar ƙaramar kujera ko bulo a ƙarƙashin ƙafafunsa, gwiwa ta ɗara ƙugu tsawo. Tafiyar ƙafa ma tana taimakawa, ko da zuwa masallaci mai ɗan nisa ne.

Yanzu maganin kansa, tunda wani zai zo maka a matse, ba zai iya jiran zogale ya yi aiki ba. Ka san su gida-gida. Bisakodil, wanda ke cikin Dulcolax, da ganyen sanna, wanda ɗan'uwan filaskon da kakanninmu ke jiƙawa ne, suna zaburar da hanji ne ya matsa. Babba yana shan ƙwaya ɗaya ko biyu ta bisakodil mai miligiram 5 da dare, ta yi aiki da safe, bayan awa 6 zuwa 12. A haɗiye ta ɗungurungum, ba a taunawa, kuma ba a haɗa ta da madara ko maganin olsa sai an ba da tazarar awa guda, domin rufin da ke jikinta an yi shi ne don kada ta narke tun a tumbi. Tana iya sa murɗa. Ta 'yan kwanaki ce, kada a wuce kwana 5 a jere ba tare da an ga likita ba. Yawan shan ta na zubar da ruwa da gishirin jiki, musamman fotasiyam, wanda ƙarancinsa ke kawo kasala, ya taɓa bugun zuciya, ya kuma ƙara kashe hanjin da ake son tayarwa.

Laktulos, ruwan nan mai zaƙi, jawo ruwa yake yi zuwa cikin hanji ya tausasa abin da ya bushe. Babba na farawa da mililita 15 sau biyu a rana. Dole ka gaya wa mai saye cewa yana iya ɗaukar kwana biyu kafin ya ga aiki, in ba haka ba zai sha da dare, ya wayi gari shiru, ya shanye rabin kwalba. Shi ya fi dacewa da tsofaffi da mai basir na gaske da ke tsoron zafin fita. Na cusawa ta dubura, irin na giliserin, yana aiki cikin kamar rabin awa, ya dace da wanda abin ya zo bakin ƙofa ya tsaya. Garin Fybogel harza ce a cikin leda, ana kaɗa shi a cikakken kofin ruwa a sha nan take, ba dab da kwanciya ba, kuma yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku. Bai dace da wanda tiramol ko kodin ya ɗaure ba.

Biyu nake so ka yi taka-tsantsan da su. Gishirin wankin ciki mai magniziyam bai dace da mai ciwon ƙoda ba, kuma yana iya zuƙe tsoho ya bar shi a galabaice. Man farafin kuwa, wato man nan da ake sha don tausasa bayan gida, duk da arharsa, idan aka ƙware da shi ya shiga huhu yana haddasa ciwo mai wuyar magani, don haka ba a ba ƙaramin yaro, ba a ba tsohon da ke kwance ko mai wahalar haɗiya, ba a sha dab da barci. Daɗewa ana shan sa kuma yana hana jiki tsotsar bitamin A da D da E da K. Game da kwalaben gargajiya da ake kawo muku talla, marasa lambar NAFDAC, waɗanda aka rubuta suna maganin basir da sanyi da dattin ciki gaba ɗaya, kada ka sa su a kantarka. Ita kanta al'adar wanke ciki duk wata don fitar da "datti" ba ta da tushe. Mai lafiya cikinsa ba ya buƙatar wanki.

Mai juna biyu ka fara mata da abinci da ruwa, ka tura ta ta faɗa a wajen awo, kada kuma ta daina maganin ƙarin jininta da kanta. Man zurma da jiƙe-jiƙen wankin ciki masu ƙarfi ba nata ba ne, suna iya tayar da naƙuda. Mai jego da aka yi wa ɗinki sau da yawa tsoro ne ke hana ta, abin da ke tausasawa take buƙata. Jariri kuwa kada ka sayar da komai dominsa. Wanda bai yi kashin farko ba cikin kwana biyu da haihuwa, asibiti. Wanda ke shan nono zalla, bayan ya yi kamar mako shida yana iya yin kwanaki bai yi ba, kuma lafiyarsa ƙalau matuƙar yana tsotso, cikinsa da laushi, ba ya amai. Ka roƙi uwar kada ta yi masa ɗure, kada ta cusa masa sabulu. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 ma ka bar wa ma'aikacin lafiya ya tsara musu.

Batun kunya da ka ambata, gyaransa na hannunka. Mutum ba zai faɗi yadda bayan gidansa yake ba alhali maƙwabcinsa na tsaye yana jiran canji. Ka sallami na gaba, ka matsa ƙarshen kanta, ka sassauta murya. Ka yi amfani da kalmomin da shi ya fara amfani da su. Idan yaro aka aiko da takarda, ka tambayi wa zai sha, in ya yiwu a kira shi a waya, domin sau tari maigida ne ke aike a madadin matarsa mai ciki ko tsohuwarsa da ke kwance.

Maigidanka ya yi gaskiya da ya ce ba asibiti kuka buɗe ba, kuma wannan ita ce hujjarka a kansa. Lasisin da hukumar kula da harhaɗa magunguna ta ƙasa, PCN, ke ba masu kemis na sayar da magungunan ƙananan larurori ne, abin da ya wuce nan a tura gaba. Jini da rama sun wuce nan. Kada ka yi masa gardama a gaban masu saye. Ka same shi bayan an rufe, ka ce, "Maigida, ina tsoron kada wani abu ya sami Baba a ce daga shagonmu yake shan magani wata huɗu." Mai shago ya san darajar sunansa a unguwa, zai ji wannan.

Shi kuwa dattijon, kada ka jira ya zo. Ka bi shi gida bayan la'asar, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Baba, maganar da ka gaya min ce ta tsaya min a rai. Maganin nan ya daina yi maka, ƙara shi kuma zai wahalar da kai. Ina roƙon ka a je a duba inda jinin yake fitowa." Kada ka ambaci sankara, ba kai za ka faɗa ba, kuma tsoro na iya sa ya ƙi zuwa. Idan ya ce basir ne kawai, ka ce to a je likita ya tabbatar, hankalin kowa ya kwanta. Ka nemi izininsa ka sanar da babban ɗansa, domin za a buƙaci mai raka shi da mai ɗaukar nauyin awo. Ka rubuta musu a takarda sunan ƙwayar, da yawan da yake sha, da watan da ya fara, da ranar da ya fara ganin jini, su miƙa wa likitan. Allah ya ba shi lafiya. Ka sake rubuto min in ji yadda kuka yi.